Jirgi Mai Ƙarnin Kifi

A walimar aurenka, Sadik, da aka miƙa maka abin magana, ka ce ka gode wa mahaifinka da ya koya maka komai a duniya ban da cika alkawari, domin har yau kana jiran jirgin ruwan da aka ce ka zaɓa. Mutane suka kwashe da dariya, ni ma na yi, har na tafa maka. Amma da na dawo gida maganar ta tsaya mini a rai. Kai da ƙanwarka Walida har yanzu a juye kuke ba da labarin nan, wai Abba ya ga jirgi mai kyau da mummuna a farashi ɗaya, ya tsallake mai kyan ya ɗauki mai ƙarnin kifi don tsabar taurin kai. Taurin kan ina da shi, ban musa ba, uwarku ma shaida ce. Sai dai ba shi ya sayi jirgin nan ba. Yanzu Iya ta riga mu gidan gaskiya, babu wanda maganar za ta kunyata, don haka ku ji yadda aka yi.

A shekarar da korona ta shigo, muna zaune a unguwar Al Warsan ta Dubai, a fulat mai ɗaki biyu da falo da wani ɗan kicin da mutum biyu ba sa iya juyawa a cikinsa. Ni ina aiki da wani kamfanin haɗa na'urorin sanyaya gini a Al Khabaisi. A farkon shekarar aka kawo Iya, kakarku ta wajen uwa, daga ƙauyensu na bakin kogin Haɗeja, don a yi mata aiki a gwiwa. Shirinmu ta yi 'yan makonni ta koma. Aka yi aikin lafiya, ba a ko cire ɗinki ba aka rufe filayen jirgin sama, aka ce kowa ya zauna a gidansa, masu aiki su yi daga gida. Haka muka wayi gari mu biyar a cikin wannan ɗan akurki, ni da surukata a ƙarƙashin rufi ɗaya, babu ranar rabuwa.

Ku da kuka tashi a Dubai kun ɗauki Iya tsohuwa ce mai son zaman ɗaki. Ba haka ba ne. Uwarku 'yar fari ce, kuma tun da aka haife ta Iya ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce "yarinyar nan" ko "ke". To ku auna matsayin mijin 'yar fari. Tun da na auri uwarku ban taɓa kallon fuskar Iya sosai ba, ita ma ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba bayan amsa gaisuwa. In na je ƙauye daga bayan labule nake durƙusawa in gaishe ta, ta amsa ƙasa-ƙasa kamar da bango take, in ajiye abin da na kawo in fice. A can wannan ba wahala ba ne. Akwai zaure, akwai tsakar gida, akwai ƙofar baya, kowa da hanyarsa. Wanda ya zana fulat ɗin Al Warsan kuwa, Allah ya sani bai taɓa yin suruka Bahaushiya ba. Lungu ɗaya ne tak a gidan, ƙofar banɗaki tana kallon falo, ni kuma ina kan teburin cin abinci da kwamfuta tun safe har la'asar.

Na yi iya ƙoƙarina. Kafin in motsa sai na yi gyaran murya, har Walida ta fara tambaya ko korona ce ta kama ni. Na kwashe kwamfutar na koma baranda, ina taron ofis gumi na zuba a kan madannai. Duk da haka Iya ba ta fitowa. Abinci in an kai mata sai ta jira ta ji na shiga ɗaki na rufe ƙofa, ya huce sannan ta taɓa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da uwarku ta same ni a baranda ta ja ƙofar gilas ta rufe.

"Abban Sadik, ka san Iya ta rage shan ruwa?"

"Saboda me? Ko ba ta jin daɗin na nan ne?"

"Don kada ta riƙa fitowa banɗaki kana gida."

Ban san lokacin da na rufe kwamfutar ba. Raina ya ɓaci, kuma ban san da wa zan yi fushin ba. Ni ba zan iya shiga in ce mata ta saki jikinta ba, faɗin hakan ma rashin kunya ne. Uwarku ta faɗa mata ya fi a ƙirga, sai ta ce to, ta ci gaba da abinta. Likita kuwa ya gaya mana a fili cewa sabuwar gwiwa tafiya take so. In aka bar ta a zaune za ta sandare, kuma in ta sandare a shekarun Iya, ita da taka ƙasa da ƙafarta sai dai a tura ta a keke. Matar da ta zo da ƙafafunta tana ɗingishi, muna shirin mayar da ita gida a naɗe.

Da aka sassauta kulle na koma ofis, na ce shi ke nan, rana ta zama tata. Ashe zaman ya riga ya kama ta. Ta rame, muryarta ta shige ciki, ƙarfen da take dogarawa ya zama wurin rataye ɗankwali. Hanyar komawa gida kuma yau a buɗe gobe a rufe, likitan ma bai sallame ta ba. Uwarku ta kai ta ɗaya daga cikin manyan kantunan nan don ta taka, ta dawo ta ce ba za ta sake zuwa kasuwar da babu rana a cikinta ba. Aka gwada lambu, ta ce ciyawar ma kamar ta roba. Sai wata ranar da sanyi ya fara shigowa, suka je Deira sayen turaren wuta, uwarku ta sa ta a abra, wato ƙananan kwale-kwalen katakon nan da ke haye da mutane zuwa ɗaya gaɓar. Da yamma na dawo, ina cire takalmi na ji abin da ban ji ba tun zuwanta, muryar Iya a sama tana ratsa bango. Tana ba Walida labarin yadda take tuƙa kwale-kwale tun tana budurwa, su shiga fadama yankan shinkafa, wanda ya fi ta iya sandar tuƙi a garinsu sai yayanta. Ranar ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari. Na tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a hannu, ban shiga ba sai da ta gama.

Abra ba ta yi mana ba. Shigarta sai an sauka da tsalle, gwiwar ta kumbura washegari, ga maza a cunkushe kafaɗa da kafaɗa a lokacin da ake gudun numfashin juna. Amma da ma akwai maganar jirgi a gidan. Kun tuna ina da lasin tuƙin ƙaramin jirgi, saboda ni da abokina Mamane, mutumin Maraɗi mai harkar kago, wato jigilar kaya, a Deira, mukan yi hayar ɗaya mu je kamun kifi ranar hutu. Kuma a tsakiyar kulle, da kuka ishe ni da faɗa a kan rimot, na yi muku alkawari da bakina cewa in Allah ya fitar da mu zan sayi fantun na hannu, ku ne kuma za ku zaɓa. Ga wanda zai karanta wannan bai san fantun ba, daɓe ne shimfiɗaɗɗe kamar na ɗaki, a ɗore a kan dogayen gangunan ƙarfe biyu, da shinge kewaye da rumfa a sama. Ba ya tangaɗi, kuma bakinsa daidai yake da gadar da ake ɗaure shi, tsohuwa sai ta taka ta shiga kamar ta shiga falo. A lokacin mutane da yawa na barin ƙasar suna sayar da kayansu, don haka irinmu ma muna iya tayawa.

Na sa uwarku ta ji ta bakin Iya. Ta dawo da amsa mai kai biyu. Na ce a gaya mata zan ɗauki direba, ni in zauna a gida. Iya ta ce ba za ta raba mutum da iyalinsa ranar hutunsa ba, in uban yaran ba zai je ba ita ma tana nan. Na ce to zan tuƙa. Ta ce ita kuma ba za ta zauna a faranti ɗaya da surukinta suna kallon juna ba, su je kawai, Allah ya kiyaye hanya. Haka ta ɗaure ni ta gaba ta ɗaure ni ta baya, kuma duk cikin ladabi.

Mamane ne ya samo dillalin, wani ɗan Indiya mai yawan magana, ya kai mu wata tashar ƙananan jirage wata Asabar da hantsi, mu huɗu da Mamane na biyar. Jirage biyu ne a ɗaure gefe da gefe. Kamfani ɗaya ya ƙera su, tsawo ɗaya, inji iri ɗaya, shekararsu ɗaya, abin da ake nema a kansu ma ɗaya. Na farkon fari ne da shuɗi, kujerunsa sabbi, an jera su a zagaye kamar majalisa, da tebur a tsakiya, da lasifikoki, da tsani na sauka wanka a baya. Kujerar direba tana cikin zagayen, duk wanda ya zauna yana ganin kowa. Kafin dillali ya gama buɗe baki kun riga kun haye, Walida ta miƙe a doguwar kujera, kai kuma Sadik ka kama sitiyari kana ɗaukar hoto kana tura wa abokanka na makaranta.

Na biyun na wani tsohon Balarabe ne mai son kamun kifi. Kujerunsa sun koɗe sun koma launin kunun kanwa, kuma tun daga kan gada ƙarni ke yi wa mutum maraba. Mai shi ya cire kujerun gaba ya kafa guda biyu masu kallon ruwa, sannan a tsakiyar jirgin ta hagu ya gina wani dogon akwati kamar wardirob, na ajiye sandunan kamun kifi da sauya kaya. Dillalin da kansa ya ce wannan akwatin ne ya hana jirgin sayuwa, in muna so zai sa a cire. Na shiga don kada a ce ban duba ba. Na zauna a kujerar direba, wadda take can baya ta dama, na ɗaga kai. Gabana a buɗe yake, ina ganin hanya sarai. Amma kujerar gaba ta hagu babu ita, akwatin ya shanye ta. Nan take Iya ta faɗo mini a rai. Na kira uwarku.

"Maman Sadik, ɗan zauna a waccan kujerar ta hagu."

Ta dube ni, ta dubi akwatin, ta wuce ta zauna.

"Kina ganina?"

"A'a."

"Ko kin waiwayo?"

"Ko na waiwayo."

Na miƙe tsaye, na karkata, na zauna. Sai gefen mayafinta kawai nake hangowa in iska ta ɗaga shi. Ta taso muka haɗa ido, kuma a nan aka gama ciniki, ku kuna can kuna gwada lasifika. Na ce wa dillali wannan nake so, kuma kada a taɓa akwatin. Mutumin ya ɗauka bai ji daidai ba, sai da na maimaita.

Ba zan manta fuskarka ba, Sadik. Ka sauko daga farin jirgin a hankali, wayarka a hannu.

"Abba, wasa kake ko?"

"Ba wasa nake ba."

"Ka ce mu za mu zaɓa. Mun zaɓa. Wallahi ka ce."

"Na ce."

"To me ya fi wancan da shi? Faɗa mini abu ɗaya."

"Ya fi kwanta mini a rai."

Mamane ya so ya cece ni, ya ce, "Habibi, injin wannan ya fi lafiya, ji ƙararsa." Ka ce masa ba a ko tayar da shi ba tukuna. Walida ta fashe da kuka ta ce ita ba za ta shiga abin da ke warin kasuwar kifi ba. Kuka juya wurin uwarku, ita kuma ta duƙa tana gyara igiyar jakarta da babu abin da ya same ta. Da kuka wuce mota, Mamane ya rage tafiya ya jera da ni.

"Mon frère, ɗan'uwana, saboda tsohuwa ce ko?"

Na ci gaba da tafiya ina kallon katakon gada.

"Halas, shi ke nan," in ji shi. "Ban tambaya ba. Tawa surukar ma da ta zo Maraɗi wata guda na yi ina cin abinci a shago."

Za ku ce me ya hana in gaya muku a ranar. Ku tuna yadda kuke da Iya. Kai Sadik "maigida" take ce maka, tana tsokanarka ka kasa ba ta kuɗin cefane, ke kuma Walida a gadonta kike kwana. Babu abin da ke shiga kunnenku da safe bai isa nata ba kafin azahar. Da Iya ta ji cewa an hana jikokinta abin da suke so saboda ita, ko da ƙugiya ba za a sa ta a jirgin nan ba. Na auna fushin yara biyu da ƙafar tsohuwa, na ɗauki fushin. Ban yi nadama ba, kuma in aka maimaita haka zan sake yi.

Na yi kwanaki ina wanke shi da omo da lemon tsami, ƙarnin ya ragu bai tafi ba. Uwarku ta koma wurin Iya, ba ta ce mata komai game da zaɓi ba, ta dai ce Abban Sadik ya kwaso wani tsohon jirgi mai ɗaki a tsakiya, na gaba ba ya ko ganin na baya, yaran duk sun yi fushi. Iya ta ce to bari ta je ta ga abin da aka cuci maigidanta da shi.

Ranar na riga ku fita. Na tayar da inji, na zauna a wurina, da na hango motarku na juya baya na duƙufa a kan injin kamar mai gyara. Gadar tashar nan doguwa ce, kuma babu mota da ke hawanta. Ina jin ƙarar ƙarfen dogarawarta a kan katako, ƙwas, shiru, ƙwas, tana matsowa. Tun da aka yi mata aiki ba ta taɓa yin tafiya mai tsawon haka ba. Sau biyu ƙarar ta tsaya har na yi zaton ta fasa. Sannan jirgin ya ɗan nutsa ta gaba, na ji uwarku ta ce bismilla, na ji kujera ta yi ƙara. Na juyo na gaishe da akwatin, akwatin ya amsa.

Muka kama hanya a hankali cikin ruwan da ke ratsa gari, dogayen benaye na wucewa, tsuntsaye na bin mu. Kai kana zaune a kujerar dama ta gaba ka harɗe hannu, ka sha kunu, ka ƙi kallon kowa. Can na ji muryarta, a sama, yadda duk jirgin zai ji.

"Maigida, ka gaya wa direban nan ya daina yanka igiyar ruwa ta gefe. A karkace ake shigarta. Ko a garinsu babu kogi ne?"

Ka waiwayo da fuskar nan taka a ɗaure.

"Abba, wai ka daina yanka ta gefe."

"Ka ce mata an ji, za a gyara."

"Wai za a gyara."

"Ka ce masa ya ƙara wuta kaɗan. Ba gawa ya ɗauko ba."

Na ƙara wuta. Na ji ta yi dariya, na ji ƙarar buɗe kwano, na ji tana cewa Walida ta miƙo mata ruwa. Na ji daɗin da ban taɓa jin irinsa a ƙasar nan ba, har idona ya kawo ruwa, na ce iska ce.

Haka muka yi duk sanyin shekarar har zafi ya kore mu, kusan kowace Asabar. Maganin ba a cikin jirgin yake ba, a kan gadar yake, zuwa da dawowa. Da farko da ƙarfe, daga baya da sanda, daga baya sandar ma sai a manta da ita a mota. Ta fara zagaya ƙasan beninmu da safe don kada ranar Asabar ta ba ta kunya. Ta ƙwace sandar kamun kifin tsohon Balaraben ta ce ba ku iya komai ba. Da hanya ta buɗe daga ƙarshe, da ƙafarta ta shiga filin jirgi, ta ƙi keken da aka turo mata, kuma ta yi shekaru bayan haka tana zuwa gonarta.

Abin da na biya kuma na biya. Walida ta huce a mako biyu, da ma fushinta ba ya daɗewa. Kai ne ka riƙe. Abokanka sun yi maka dariya a kan hoton da ka tura, na sani. Ka daina zama kusa da ni in ina tuƙi, ka daina bin mu da Mamane kamun kifi, in na ce zan yi maka abu sai ka ce "inshallah" da irin muryar da na san ma'anarta. Kana shekarun da yaro ke neman dalilin ja da baya daga ubansa, ni kuma na miƙa maka dalili da hannuna. Ban sake samunka yadda muke da ba sai bayan ka shiga jami'a. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma sau da yawa maganar ta zo bakina na haɗiye ta.

Ko Iya ta gane, ban sani ba. Ba ta faɗa ba, irin wannan kuma ba a tambaya. Ku dai kun san yadda fuskarta take a kan ruwa, kun gan ta tana dariya, kun gan ta da rigar hana nutsewa a kan mayafi tana jan kifi. Ni duk Asabar ɗin nan akwati na gani da gefen mayafi. Sai bayan rasuwarta, ranar da muka dawo daga ta'aziyya, uwarku ta miƙo mini wayarta ta ce ga Iya a jirginka. Tana zaune a kujerar hagu, haƙoranta duk a waje, idonta a kan mai ɗaukar hoton, wato yanzu a kaina, ni da nake riƙe da wayar. Ban san lokacin da na sunkuyar da kai ba. Na miƙa wa uwarku wayar na ce Allah ya ji ƙanta.